Daga mita 600: abin da na rubuta cikin wata huɗu na gudu da ɗaga ƙarfe

Asabar, 2 ga Nuwamba, 2024

Shekara 14 ina koyar da bayoloji, ina zana zuciya a allo da jan alli da shuɗi, amma jiya da na hau bene zuwa ɗakin malamai sai da na dafa bango ina haki kamar wanda kare ya koro. Makon jiya likita ya auna jinina, 146 bisa 92. Bai ɗora ni kan magani ba tukuna. Ya ce in rage gishiri da dunƙule, in motsa jiki, in dawo bayan wata uku. Na tambaye shi batun ɗaga nauyi, ya ce ba laifi in dai a hankali ne, amma kada in riƙa danne numfashi lokacin ɗagawa, don hakan na cilla jini sama.

Ga inda nake yau, don kada gobe in yi wa kaina ƙarya. Shekara 41, nauyi kilo 89. Ƙugu inci 40, damtse inci 13, da tef ɗin telan bakin layinmu na auna. Bugun zuciya ina kwance kafin in tashi sallar asuba, 84 a minti ɗaya. Na lafiyayyen babba yakan kasance tsakanin 60 da 100, to ban fita layi ba, amma ba abin alfahari ba ne.

Burina in yi kilomita 10 ba tsayawa kafin azumi. Na sayi kambas na gwanjo a Tsohuwar Kasuwa ta nan Sakkwato, ₦9,000.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Na fita bayan asuba daga Arkilla na kama hanyar Kalambaina. Waya ta ce mita 600 na yi kafin ƙirji ya ɗauki wuta. Sauran duk tafiya ce. Da na dawo, don haushi, na tsugunna na tashi sau 40 a tsakar gida. Uwargida na kallo daga ƙofar madafi, ba ta ce uffan ba. Da ma ta yi magana.

Talata, 5 ga Nuwamba

Jiya da sauƙi. Yau cinyoyina kamar an daka su a turmi. Sujada sai da dabara, shiga bayan gida kuwa kada ma a yi maganarsa. A makaranta na sauko bene da baya-baya, 'yan aji uku suna ƙunshe dariya.

Da yamma na je gaida Kawu. Shi tsohon ɗan kokawa ne, a zamaninsa ya zaga filaye daga Illela har Ƙonni. Yana hango ni ya ce, "Malam, mi yas same ka kake tahiya kamar wanda anka yi ma kaciya?" Na faɗa masa. Ya ce in gasa da ruwan zafi, in shafa man kaɗe, gobe kuma in fita ko da tafiya ce, don tsami ba ya jin kwanciya.

A nan ilminsa da na littafi sun haɗu. Wannan tsamin da ke zuwa a makare ya fi tsanani tsakanin kwana ɗaya zuwa uku bayan aikin. Na daɗe ina jin 'yan ƙwallo suna ɗora laifin kan sinadarin laktik, har ni na taɓa faɗin haka a aji, Allah ya yafe mini. Laktik yakan washe cikin kamar awa ɗaya da gama gudu, ba shi ne zai jira ka har jibi ba. Abin da ke faruwa shi ne zaren tsoka yana samun ƙananan raunuka, musamman lokacin da tsokar ke miƙewa alhali tana riƙe da nauyi, wato saukowar tsugunno, ba tashin ba. Sai wurin ya ɗan kumbura, jiki ya shiga gyara. Shi ya sa sauka bene ya fi hawa azaba. Daɗin abin, in ka maimaita aikin bayan mako ɗaya, tsamin ba ya kai na farko ko kusa. Ina jiran in ga haka a jikina.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Kuɗin gidan motsa jiki ba na malamin makaranta ba ne, don haka na haɗa nawa. Bututun ƙarfe mita ɗaya da rabi daga wajen 'yan gwangwan, ₦4,500. Mai walda ya liƙa ƙusoshi a bakinsa biyu don siminti ya kama, ₦500. Ragowar siminti wajen wani birkila, ₦2,000. Gwangwanin fenti biyu masu lita huɗu da tsakuwa kyauta na samu. Na zuba gefe ɗaya yau, gobe ɗayan in wannan ya kama.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Tun ɗagawar farko ƙarfen ke rinjaya dama. Na zaci hannun damana ne rago. Sai da na kai shi kan sikelin 'yan gwangwan, muka ɗora kowane gefe, aka ga dama ya fi hagu da kilo ɗaya da rabi. Ashe a gwangwani na biyu ruwa na cika, tsakuwa ta ƙare. Na ɗaura wa hagun wani tsohon ƙarfen mota da roba. Yanzu duka kilo 23 ne. Ɗagawa sama da kai: sau 5, na shida ya ƙi.

Tsarin mako: gudu Lahadi, Talata, Alhamis, ƙarfe Litinin da Jumma'a. Gudun ma minti biyu sassarfa ne, minti biyu tafiya, har rabin awa.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Kilomita biyu a jere. Tsami ya daina zuwa. Bugun asuba 78.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Jiya na ɗaga kilo 23 ɗin sama da kai sau 12. Kwana 15 da suka wuce sau 5 ne. Da murnata na tafi wajen tela, ya zagaya tef a damtse, ya duba, ya sake dubawa, ya ce, "Malam, 13 ɗin nan dai ce." Har na ce ya canza tef.

Na san bayanin, amma sanin abu daban, ganinsa a hannunka daban. A makonnin farko yawancin ƙarfin da mutum ke samu ba daga ƙarin nama yake ba, daga ƙwaƙwalwa da jijiyoyin saƙo yake. Tsoka rukuni-rukuni ce, kowane rukuni da jijiyar da ke tashe shi. Wanda bai saba ba, in ya zo ɗaga kaya, kamar mai gayya ne da bai iya kira ba: wasu sun zo, wasu suna gida, waɗanda suka zo ma kowa da lokacin da yake sara fartanya, ga wasu can suna ja baya. Da maimaici sai kiran ya isa ga kowa, saran ya zama ɗaya, tsokar da ke kishiyantar motsin ta koyi sakin jiki. Mutanen gayyar ba su ƙaru ba, aikin ne ya ninka. Ƙarin naman da ido zai gani sai an haura mako shida zuwa takwas, wani ma fiye.

Wani abu da ke ba ni wahala a aji, ya kuma ba ni a nan: kalmar jijiya. Da ita muke kiran wadda ke ɗaukar jini, da wadda ke ɗaukar saƙo, da igiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi irin agara. Abu uku ne da ba su haɗa komai ba sai sirantaka. A rubutun nan zan riƙa bambanta su.

Bugun asuba 74. Wannan saukar da wuri ma tana da dalili. Cikin mako ɗaya ko biyu da fara gudu ruwan jini ke ƙaruwa, zuciya ta riƙa cika sosai kafin ta matsa, kowane bugu ya tura jini fiye da da. Tunda buƙatar jiki a kwance ba ta canza ba, sai yawan bugun ya ragu.

Litinin, 16 ga Disamba

Kwana 16 ban rubuta komai ba. Ranar Alhamis 5 ga wata na dawo gudu ina jin sanyi a ƙashi, na ce hunturu ne. Da dare sai rawar ɗari da ciwon kai. Gwaji ya nuna zazzaɓin cizon sauro. Gwaji ₦1,000, maganin kwana uku ₦3,500. Kwana huɗu ina kwance, sauran kuma ina jan jiki zuwa makaranta don jarrabawar ƙarshen zango.

Jiya na gwada fita. Kilomita ɗaya da rabi na tsaya, kunnuwa na kaɗa ganga. Bugun asuba ya koma 82, kamar ban taɓa yin komai ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Abu biyu ne suka haɗu: ƙarin ruwan jinin da ya zo da sauri, da sauri yake tafiya in an daina, ga kuma zazzaɓin da ke fasa jajayen ƙwayoyin jini, su ne kuwa masu dakon iskar oksijin.

Abin mamaki, yau da na ɗauki ƙarfe sau 11 na yi. Ɗaya kawai na rasa. Numfashi ya gudu, ƙarfin hannu ya tsaya. Na sayi sabon gidan sauro, tsohon ya huje wajen ƙafa.

Asabar, 21 ga Disamba

Hutu. Kilomita uku. Ƙura ta yi yawa, in tirelolin siminti suka wuce sai in ja rawani in rufe hanci. Leɓe duk ya tsage.

Talata, 31 ga Disamba

Kilomita biyar ba tsayawa, minti 38. Bugun asuba 71. Abin da na rasa ya dawo cikin mako biyu, har da riba. Tunda ba makaranta, yanzu kwana shida nake fita a mako, ga sanyin safiya gudu ba gumi. Makon da ya wuce jimillar kilomita 24 na yi, wanda ya gabace shi 11. Na kuma haɗa ƙarfe na biyu da bokiti, kilo 41, don tsugunno da ɗagawa daga ƙasa. Ya ci ₦8,000. In haka ta ɗore, kilomita 10 kafin ƙarshen Janairu.

Litinin, 6 ga Janairu, 2025

Na karanta abin da na rubuta ranar Talata, na ji kunya. Daga 11 zuwa 24 a mako ɗaya, a kan kwalta, da kambas ɗin da wani ya riga ya cinye dunduniyarsa, ga kilo 86 a kai.

Tun ranar Alhamis ƙwaurin hagu ke ciwo, ta gefen ciki, daga tsakiya zuwa kusa da idon sawu. Da farko in na fara gudu sai ya lafa bayan minti biyar, ni kuma na ɗauki hakan a matsayin izini. Ranar Asabar bai lafa ba. Jiya ko zuwa masallaci da ɗingishi na je. Yau na ga mai gashin ƙashi a asibiti. Ta bi gefen ƙashin da babban yatsa tana dannawa, ta tambaya ko zafin a wuri ɗaya yake da zan iya rufewa da kan yatsa, ko kuwa ya bazu. Na ce ya bazu, ya kai tsawon tafin hannu. Ta sa na yi tsalle da ƙafa ɗaya, na yi, da zafi amma ba na ihu ba. Ta ce da alama ƙashin bai tsage ba, wahala ce ta yi masa yawa shi da fatar da ke lulluɓe da shi. Amma in zafin ya tattaru wuri ɗaya ko ya fara tashe ni da dare, in dawo a ɗauki hoto. Hukunci: ba gudu mako uku. Kati da ganin ta, ₦3,000.

Da zan fita ta ce, "Malam, numfashinka ne ya yaudare ka." Maganar ta zauna mini, don ita ce gaskiyar wata biyun nan. Sassan jiki ba tare suke sabawa ba. Jijiyoyin saƙo da ruwan jini cikin kwanaki suke amsawa. Tsoka da zuciya sai makonni. Agara da sauran igiyoyin gaɓɓai jini kaɗan ke isa gare su, sabonsu watanni ne. Ƙashi kuwa in an matsa masa, sai ya fara rushe tsohon gini kafin ya ɗora sabo, kuma a tsakanin rushewar da ginin ya fi rauni. Ni da na daina haki sai na ɗauka duk jikin ya shirya. Kamar a sa wa tsohon kabu-kabu sabon inji ne, a bar masa sarƙa da tayoyinsa na da, sannan a murɗa.

Na biya ta wajen Kawu. Ya ce a kira wanzami ya yi ƙaho, na ce a'a Kawu, ba mataccen jini ba ne. Bai ji daɗi ba, amma ya faɗi abin da ya fi ƙahon amfani. Ya ce su ba su taɓa shiga fili daga kan kujera ba. Damina duka suna duƙe a gona, ga dakon dami, ga tafiyar ƙasa tun suna yara, sai kaka ta yi sannan a buga ganga. In za su yi atisaye kuma cikin yashin gulbi suke yi. "Kai kau shekara nawa kana bisa mashin, rana guda ka ce kwalta za ka kai ƙasa?" Ban da amsa.

Jumma'a, 17 ga Janairu

Na ari keken ƙanena, na sa masa sabon tub, ₦2,500. Minti 40 sau huɗu a mako, ƙwauri ba ya ko motsi, zuciya kuma na samun aikinta. Ko banza na haura minti 150 a mako da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce shi ne mafi ƙarancin abin da babba zai yi, tare da kwana biyu na ƙarfafa tsoka. An kuma ba ni aikin ɗaga dunduniya a bakin dakali, sau 15 sahu uku, don sha-raɓa ta rage wa ƙashin kaya.

Na lura tun da na bar gudun kwana shida ƙarfen tsugunno ya yi mini sauƙi. Kilo 41, daga sau 6 zuwa sau 10. A ƙarshen Disamba ya tsaya cik. Wannan ya tuna mini da gwajin Robert Hickson na 1980 a Amurka. Ya raba mutane uku: masu ɗaga ƙarfe kawai, masu gudu da keke kawai, da masu haɗa duka biyun, tsawon mako 10. Masu haɗawar sun yi ta ƙara ƙarfi kamar sauran har wajen mako na bakwai, daga nan suka tsaya, a ƙarshe ma suka fara ja baya. Sai dai aikin da ya ɗora musu kusan kullum ne, mai tsanani. Irina da ke neman lafiya ba gasa ba, haɗawar ba matsala ba ce, in dai ba a yi gudu mai nisa da tsugunno a rana ɗaya ba, kuma an yi barci.

Talata, 28 ga Janairu

Na koma gudu, a filin ƙwallon makarantar firamare, ƙasa ce ba kwalta ba. Minti ɗaya gudu, minti biyu tafiya. Kamar ranar farko, sai dai ba haki. Riƙe kai ya fi gudun wuya. Sabon kambas ₦16,000, shi ma gwanjo, amma na duba ƙasansa da kyau.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Tela ya auna: damtse 13 da rabi, ƙugu 37 da rabi. Mako 14 kafin rabin inci ya fito. Nauyi kilo 85. Jiya na koma wajen likita, 134 bisa 86. Ya ce in ci gaba, ba magani tukuna. Ban san nawa ne na gudu, nawa ne na dunƙulen da uwargida ta rage ba, ita dai ta ce duka nata ne.

Na yi lissafin abinci. Masu son gina tsoka ana ba su shawarar furotin kusan giram 1.6 ga kowane kilo na nauyinsu a rana. Nawa ya kama giram 136. Ƙwai ɗaya giram shida ne, ke nan kusan ƙwai 23 kullum, a ₦250 kowanne. Albashi zai ƙare kafin 15 ga wata. Abin da nake yi: ƙwai biyu da safe, awara ta ₦300 a makaranta, wake sau uku a mako, fura da nono mai kauri da dare, ƙuli-ƙuli a aljihu. Ban kai adadin ba, kuma ban ga ya hana rabin incin fitowa ba.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Kilomita shida, huɗu a ƙasa biyu a kwalta. Ƙwauri shiru. Ƙanena ya raka ni a keke, muka yi ta hirar kuɗin makarantar yara har muka gama. A Nuwamba ko sallama ba na iya amsawa ina gudu.

Wannan ba ruwan jini kaɗai ba ne kuma. Cikin tsokar ƙafa ƙananan hanyoyin jini sun ƙaru, haka ma mitokondiriya, 'yan murhunan da ke ƙona abinci da oksijin a cikin ƙwayar halitta. John Holloszy ne ya nuna haka a 1967 da ɓeraye: ya sa su gudu har awa biyu a rana tsawon makonni, ya tarar ƙarfin murhunan tsokarsu ya kusa ninkawa. Gobe zan ba 'yan aji biyu wannan labarin, in kuma sa kowa ya ƙirga bugunsa a wuyan hannu. Nawa yau 66.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Ranar Talata na yi kilomita bakwai da rabi cikin minti 55. Na tsaya ne da sauran numfashi, na tabbata da na matsa da goman ta faɗi. Amma a kilomita na bakwai na ji ƙwaurin hagu ya ɗan yi magana, ba zafi ba, tuni dai. Na taka a ƙasa zuwa gida. Ƙanena ya ce saura biyu da rabi fa, Yaya. Na ce na sani.

To goma ba ta samu kafin azumi ba. Gobe ake duban wata, muna jiran sanarwar fadar Sarkin Musulmi, ko Asabar ko Lahadi. Sanyi ya riga ya tafi, rana ta fara nuna hali.

Tsarin azumi: ba gudu da rana ko kaɗan. Tafiyar minti 20 dab da buɗe-baki. Sassarfar kilomita uku sau biyu a mako bayan asham, in ciki ya sauka. Ƙarfe sau biyu a mako, sahu biyu kacal amma nauyin yana nan yadda yake, don abin da aka tara yakan tsaya ko an rage yawan aiki in dai ba a rage nauyi ba. Ruwa da yawa tsakanin magariba da sahur.

Bayan salla sai Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40. Jiki na buƙatar kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba aiki cikin zafi, gumi ya riƙa fitowa da wuri kuma gishirinsa ya ragu. Don haka makonni biyun farko gajeren gudu ne da asuba, sannan in riƙa ƙara rabin kilomita a mako. A lissafina goman za ta faɗo tsakiyar Mayu.

Jimillar kashewa zuwa yau, ban da abinci da gidan sauro, ₦50,000, kusan kashi ɗaya cikin bakwai na jinya ne. Gwangwanin hagu ya fara tsagewa daga wajen bututu, sai na nemi siminti kwano ɗaya kafin ya faɗo mini a ƙafa.